Tsarabar Ɓoye

"Ku duba min kumatun nan! Duk Gumel a nuna min uban da ya kai ni iya kiwon 'ya!"

Lado ke nan, direban motar Maigatari, yana tsakar gida yana jan kumatun 'yarsa Zinariya, 'yar aji uku a firamare. Inna, mahaifiyarsa, har da guɗa daga kan tabarma. Matarsa Mahbuba dai wanke-wankenta take yi.

Ba a yi kwana uku ba aka kawo Zinariya gida a kan babur. Gudu aka sa 'yan ajinsu a filin makaranta, ko rabi ba ta kai ba ta zube tana haki, yara suna ihu suna kiranta buhun gero. A asibiti nas ta ɗora ta a sikeli, ta dubi iyayen ta saman tabarau.

"Shekararta takwas, nauyinta na 'yar sha uku. A daina lemon kwalba da biskit da alawa. Ta riƙa takawa zuwa makaranta, a rage mata zaman kallo."

Lado ya dafe ƙirji. "An gama, ranki ya daɗe!"

Mahbuba ta ɗaura ɗamara. Tuwo kaɗan, kwaɗon zogale da yawa, talabijin a kashe. Inna kuwa ta tayar da ƙayar baya.

"Jikar tawa akuya ce da za a ɗora ta kan ganye? So kike gari ya ce ɗana ya tsiyace?"

"Inna, likita ce ta..."

"Rufe min baki! Likitar ce ta haife ta?"

Shi fa gogan naku abu ɗaya ya gagare shi: tsaraba. Yaya uba zai dawo daga kasuwar Maigatari hannu rabbana, 'yarsa ta tare shi da oyoyo? Sai ya riƙa yafuto ta a zaure, ya zaro biskit ɗin Nijar da cakulet daga aljihu.

"Cinye nan, goge bakinki. Kar Mominki ta sani."

Da ranar kasuwa aka fara, aka koma kullum. Bayan wata biyu sikeli ya ƙaru da kilo biyu. Nas ta wanke Mahbuba tas a gaban mata, ta ce ba ta damu da ran 'yarta ba. A gida Inna ta ɗora nata.

"Ga horon yunwa, ga ba biyan buƙata! Mace ce ke kuwa?"

Mahbuba ta dubi mijinta, mutumin da ya shekara huɗu yana sintiri a ƙofar gidansu kafin a ba shi ita. Kalma ɗaya take jira. Lado ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Hawaye suka zubo mata, ta ja hannun 'yarta, sai gidan iyayenta a Gagarawa.

Kwana goma Lado bai san ɗanɗanon abinci ba. Ya ga tabarmar sallarta, ya tsaya yana ta kallo. Ya tuna abin da ya shuka, kunya ta hana shi kiranta. Ran Juma'a ya lallaɓi Inna da kawunsa suka tafi biko.

Surukinsa Malam Abdurra'uf ya tara su a tsakar gida, Mahbuba na gefe cikin mayafi.

"Lado, tsakaninka da Allah, kai kana bin dokar asibitin nan?"

"Ni, Baba? Ai ko ƙwayar alawa ba ta shiga gidana! Ni na fi kowa tsanani!"

Bai rufe baki ba Zinariya ta shigo daga gona, ta faɗa jikinsa, hannunta ya zarce aljihun da ya saba. Sai ga biskit, ƙunshi guda.

"Yauwa Dadi, ka tuna da ni!" Ta hango uwarta, ta dafe baki. "Au! Na manta sikiret ne. Momi, ba ki gani ba, ko?"

Kawu ya kawar da kai yana tarin ƙarya. Inna ta saki salati, ta miƙe ta kamo hannun surukarta.

"'Yar nan, ki yafe min. Ashe ɓarawon a ɗakina na haife shi."

Malam ya gyaɗa kai. "Lado, son ɗa ba cika masa baki da zaƙi ba ne. Wanda ya hana shi don lafiyarsa, shi ne mai ƙaunarsa. Ita ta yi haƙuri, ga shi Allah ya wanke ta."

Gumi ya jiƙa hular Lado sharkaf. "Mahbuba, don Allah... na tuba. Ki dawo."

"Zan dawo," ta ce, ta miƙa masa tafin hannu. "Amma juye ɗaya aljihun tukuna."

Ya dubi Malam, ya dubi Inna, babu mai ceto. Ya juye. Cakulet shida suka zubo a kan tabarmar surukinsa.