Rigar Sarkin Ingila

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ta zo mu ji ta, ku matso kusa.

A wani lungu na unguwar Naif da ke Dubai Ummulkhair ta fara ganin Abdoul Aziz, tela ɗan Maraɗi, da allura a bakinsa. Ita malamar tarihi ce, ta zo neman mai ɗinka wa ɗalibanta kayan wasan kwaikwayo.

"Na wace sarauniya, malama?"

"Matar wani sarkin Ingila ce ta zamanin da. Ɗa namiji yake so, ta haifi mace, ya ƙulla mata sharri aka sare mata kai."

Ya cire allurar. "Kin faɗa kamar a gabanki aka yi."

Ai kusan haka ne, jikokina. Ranar sunan Ummulkhair mahaifinta Alhaji Gidaɗo ya saki uwarta Hadijatu, don mace ta haifa.

Daga awon riga sai hira, daga hira sai soyayya. Ya rubuto mata: "Gimbiyata, yau sau uku na soke yatsana, duk laifinki ne."

Ta mayar: "Allah ya ƙara, telana."

Sai ga Alhaji ya zo Dubai sarin kaya, ya ji labari. "Tela? Ba zan ba tela 'yata ba."

Abdoul Aziz kuwa ya ce ba ya aure babu yardar uba. Ummulkhair ta kwana uku tana tafasa, sannan ta tura masa hoton Alhaji: "Kayan sarkin, irin waɗannan nake so. Shaddar, aikin wuyan, har hular."

"Gimbiya, surukina ne fa."

"Bai zama ba tukuna. Ɗinka."

Ranar wasa ta zaunar da Alhaji a sahun gaba, cikin abokan kasuwancinsa. Sarkin Ingila ya fito cikin babbar riga sak ta jikin Alhaji, aka miƙa masa jaririya, ya kau da kai ya ce, "Mace? Ku ɗauke min ita." Kalmomin da Alhaji ya faɗa ke nan ranar da aka haifi Ummulkhair. Abokansa suka dinga satar kallonsa.

Da aka tashi ya same ta. "Abin da kika kira ni gani ke nan, Ummu?"

"Shekara ashirin da bakwai Umma tana kallon wannan wasan ita kaɗai, Baba. Kai awa ɗaya ka yi."

Ya daɗe yana murza hularsa. "Wa ya ɗinka rigar?"

"Telan."

"Hannunsa da kyau. Ya turo magabatansa."

An ɗaura aure a Yola, garin su Alhaji, bayan ƙaramar salla. Alhaji ya je ya nemi gafarar Hadijatu, ta ce ta ji, ba ta ƙara ko kalma ba. Yanzu tana Dubai wurin 'yarta, Ummulkhair na koyarwarta, Abdoul Aziz ya buɗe shago na biyu. Allah ya ba su zaman lafiya. Ƙurunƙus.