Tukunyar Dal ta Idrissa

A ƙofar wani shagon Indiyawa da ke garin Sterling a Amurka Rumasa'u ta shiga tasin Idrissa. Ko zama a kujera ba ta gama yi ba ledarta ta fashe, ƙananan jajayen wake suka watse ko'ina.

"Wayyo Allah!" ta ce.

Ya waigo da sauri. "Ashe Bahausa ce! Mi ne wannan kika shuka mini a mota?"

Ta yi dariya cikin kunya. Ta ce waken dal ne, miyar Indiyawa. An yi wa Abbanta aikin zuciya, likita ya hana shi jan nama, shi ne take son gwada masa.

Kafin su isa gida ta san shi ɗan Maraɗi ne, yana tuƙi yana karatu. Shi kuma ya samu lambarta. Ba a jima ba ta koma kiransa "Direbana", shi kuma yana ce mata "Sanyin idona".

Amma Abbanta, Injiniya Almu, bai ji daɗin zancen ba.

"Mai tasi, Rumasa'u? Ga Dakta Fatihu, ɗan aminina, yana jiran amsarki."

Fatihu a Indiya ya karanta likitanci. Duk Asabar sai ya zo duba Abba, daga nan ya wuce kicin yana nuna mata yadda ake soya tafarnuwa a zuba a kan dal. Wata rana ya sa hoton tukunyar a Facebook ya rubuta: "Girkinmu."

Idrissa na layin tasi a filin jirgin saman Dulles ya gani. Ya rubuta mata:

"Girkinku ya yi kyau. Allah ya bar ku tare."

Ta mayar: "Direbana, don Abba nake yi. Kar ka yi mini haka."

Bai amsa ba. Ta kira, ta sake kira, ya ƙi ɗauka. Ta yi kuka, sannan ita ma ta yi fushi.

Shi kuwa kishi bai bar shi ya zauna ba. Ya sayo wake da kurkum da citta. Tukunyar farko ta ƙone har ƙararrawar hayaƙi ta tara masa maƙwabta. Ta biyu ta zama kunu. Bai fasa ba.

Ranar wata Lahadi ya yi sallama a gidansu riƙe da kula. Injiniya na falo, ya amsa gaisuwar a daƙile. Rumasa'u ta karɓi kular ba ta ko dube shi ba, ya bi ta har ƙofar kicin.

Ta ɗanɗana. Ga ƙamshin man shanu da soyayyar albasa, ga kauri daidai. Nan take fuskarta ta haɗe.

"Wace ce ta koya maka?"

"Pardon?"

"Wannan hannun mace ne, Idrissa. Shi ya sa ka daina ɗaukar wayata? 'Yar ina ce?"

"Ke da likita ke riƙe miki ludayi kike tambayata?"

"Ni sallamarsa na yi tun ranar hoton! Wace ce?"

"Tsoho ne mai gemu, ɗan Pakistan, a layin tasi muke tare! Ta waya yake yi mini faɗa ina juyawa."

Dariya suka ji a bayansu. Abba ne a tsaye. Tun da ya fito asibiti ba a ji ya yi irinta ba.

"Ku zubo mini in ji abin da ake wa rigima."

Ya ci, ya nemi ƙari. Sannan ya daɗe yana kallon Idrissa.

"Tukunya nawa ka ƙona?"

"Da yawa, Abba."

"To. Ni dai ban taɓa ganin 'yata ta ɗaga murya a kan wani namiji ba sai yau. Ka turo manyanka."

Da bazara aka ɗaura aure a masallacin Sterling, manyan Idrissa suka zo daga garin Manassas da ke kusa. Abba ya riƙe hannun ango ya ce, "Ga amana. Kishinku ya tsaya a bakin tukunya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari."

Rumasa'u ta sunkuyar da kai cikin mayafi, ta ce amin a hankali.