Zaren Takarda a Tashar Jirgi

Ranar da Malam Shunpei Iwase ya fara ganin Chizuru, ɗauke yake da yarinya a hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Bai daɗe da sauka tsibirinmu daga birnin Nagasaki ba, ana tsaka da taron safe a filin makaranta wata ɗalibar ajinsa ta yanke jiki ta faɗi. Ya sure ta, sai ɗakin lafiya.

Chizuru ce malamar da ke kula da ɗakin. Ta kwantar da yarinyar, ta shafa mata ruwa, da ta farfaɗo sai ta jawo aljihun tebur ta fito da dunƙulen shinkafa naɗe da ganyen teku.

"Yau ma na dafa da yawa," ta ce mata. "Taimaka mini da wannan, kar ya lalace."

Shunpei, da yake baƙo ne kuma mai saurin baki, ya ce, "Au, ba ta karya ba ne?"

Harara ɗaya Chizuru ta yi masa. Sai da suka fito baranda ta gaya masa a hankali cewa a nan ba a tambayar yaro ko ya ci abinci a gaban idonsa. Iyaye maza suna teku tun kafin gari ya waye, iyaye mata suna wurin gyaran kifi, yara da yawa da cikin wofi suke zuwa. Amma ɗan tsibirin nan ya gwammace ya faɗi a fili da a ce gidansu ba a hura wuta ba.

Ya sunkuya ya ba ta haƙuri. Daga baya ya sha faɗa wa mutane cewa wannan hararar ce ta kama shi, kuma mun yarda, don tun ranar ƙafarsa ba ta ɗauke daga ƙofar ɗakin lafiya ba.

Shi ne ya kawo mata labarin wata gidauniya a birni da ke ba makarantu tallafi, don kada a bar wani ɗalibi a baya saboda halin gidansu. Suka zauna tsara abin da za su nema, nan ma suka yi ta ja. Shi yana so a ware yaran da ke da buƙata a ciyar da su, ita ta ce ranar da aka ware su, ranar za su daina zuwa. A buɗe ɗaki ga kowa, har 'yar likita, kowa ya wanke hannu ya dunƙula shinkafarsa da kansa, ba a san mai yunwa da mai marmari ba. Tata aka bi. Sai dai da yake shi ya iya tsara zance, shugaban makaranta, Malam Tokunaga, sunan Shunpei ya sa a matsayin jagoran aikin. Sharaɗin gidauniyar kuwa ɗaya ne: jagora ya zauna a makarantar har tallafin ya ƙare.

Tallafin ya fito, aka gyara wani tsohon aji aka kira shi Ɗakin Safe. Kullum kafin a buga ƙararrawa tururin shinkafa da miyar waken suya yana fita ta taga, yara suna ta surutu da baki cike. Aka daina faɗuwa a taron safe. Su biyun kuwa, tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a bakin tukunya ta yi abin da ta saba yi.

Wata Lahadi ya aika mata saƙo: "Chizu, yau babu Ɗakin Safe, sai na rasa abin da na tashi yi. Ashe ba shinkafar nake sammako dominta ba."

Ta amsa: "Ɗan birni, na sani tun tuni. Wanda ya zo don shinkafa ba ya zuba gishiri sau biyu."

Da sanyi ya fara shiga, ya sa kwat ɗinsa ya je gidansu. Mahaifinta, tsoho Kuniaki, masunci ne da matarsa ta rasu, mutum mai ƙarancin magana. Shunpei ya durƙusa ya kai goshinsa kusa da tabarma, ya fara da cewa, "Baba..."

"Kada ka ce mini Baba, Malam. Ban ba ka komai ba."

A wajenmu saurayi ba ya kiran uban yarinya da wannan suna sai an ba shi, zumuɗi ne ya kwashe shi. Tsoho ya ci gaba, muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce malaman birni ya san su: su zo da furen bazara, su tafi da furen bazara. Babbar 'yarsa wani malami ta bi, shi da kansa ya tsaya a tashar jirgin ruwa ya riƙe mata zaren takarda na ban kwana har ya tsinke, yanzu sai a waya yake jin muryarta. Sannan ya tambaye shi ko ya manta ba a barin miji da mata su koyar a makaranta ɗaya.

Bai manta ba. Kowa ya san haka ake yi, da an ɗaura aure sai a ɗauke ɗaya, kuma makaranta ɗaya tak gare mu, wanda aka ɗauke sai ya haye teku.

"Sunanka ke kan tallafin, ba za a taɓa ka ba," in ji tsoho. "Ita za a ɗauke. Ni in rasa 'ya, yaran nan su rasa mai sanin cikinsu. Tashi ka je."

A ran tsoho akwai wanda ya fi so, Genta, ɗan shugaban ƙungiyar masunta, wanda ke aiki a ofishin kaya na tashar jirgi. Ba mugun yaro ba ne. Tun suna ƙanana yake son Chizuru, kuma shi ba inda za shi.

Chizuru ta shiga tsaka mai wuya. Tana son Shunpei son da ba ta taɓa yi wa kowa ba, amma duk safiyar da ta ga yara sun cika ɗakin nan sai ta ji ba za ta iya sayen farin cikinta da yunwarsu ba. Ta ce masa su jira har tallafin ya ƙare. Ya tambaye ta ko mahaifinta zai jira. Ta san ba zai jira ba, don maganar Genta kullum sai ta taso a gida.

Daga nan Shunpei ya canza. Ya rage magana, ya riƙa hayewa birni a ranakun hutu ba ya faɗin abin da ya kai shi. Ana haka, da sanyi ya fara ja baya, Genta ya kawo kifi Ɗakin Safe ya tsaya yana murza hula, ya ce akwai abin da ya ga bai kamata a ɓoye mata ba: Malam Iwase ya kama wurin kayan ƙaura a jirgin ƙarshen watan Maris.

Ta ajiye ludayi ta fita. Ta rubuta masa: "Da gaske ne tafiya za ka yi?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo: "Chizu tawa, an ɗaure mini baki. Ki ba ni zuwa ranar sanarwa. Ban taɓa yi miki ƙarya ba."

Ita ma malama ce, ta san wanda aka yi wa canjin wurin aiki ba ya faɗa ko ga abokin zamansa sai hukuma ta sanar. Saboda haka amsar nan ta tabbatar mata tafiya zai yi. Abin da ya fi ci mata rai ba tafiyarsa kaɗai ba ce, ai ya san in jagora ya tafi tallafin ya faɗi. Ta ce a ranta, ashe Baba ya yi gaskiya, an hana shi ni, ya ɗebe hannunsa daga yaran ma.

Ba ta ƙara amsa saƙonsa ba. Da safe suna tsaye wuri ɗaya suna zuba miya, ba ta ko kallonsa. Mu da muke leƙawa kai kayan lambu mun ga yadda ta rame, shi ma ya zama kamar wanda ya tashi daga jinya. Abin tausayi, wallahi.

Ranar sanarwa Malam Tokunaga ya tara malamai. Ya ce an mayar da Malam Iwase wata makaranta a garin da ke hayin teku, bisa roƙonsa. Chizuru ta kafa ido a ƙasa. Sai ya ƙara da cewa gidauniya ta amince, bayan Malam Iwase ya yi ta zarya yana yi musu bayani, a mayar da jagorancin Ɗakin Safe hannun Malama Chizuru, tun da dama tunaninta ne. Tallafi yana nan, ita ma tana nan.

Ta same shi a Ɗakin Safe yana goge tebura. Kada ku zaci godiya ta yi masa.

"Wa ya ce ka yanke wannan kai kaɗai?"

"Da na gaya miki, da kin hana ni."

"Da na hana ka mana. Kana son ajin nan naka kamar me."

"Ina son su. Amma su za su samu wani malamin, ke kuwa babu wata. Ni ma ba ni da wata." Ya ajiye tsumman. "Na yi laifi da na bar ki cikin duhu, Chizu. Ki yafe mini. Jirgi yana zuwa duk Asabar, in kin yarda a nan gidana zai kasance, can wurin aiki ne kawai."

Ta yi kuka sosai, irin na wanda aka sauke wa kaya bayan wuyansa ya riga ya ƙage. Da ta share ido ta ce masa in ya sake ɓoye mata abu, ko da hukuma ce ta ɗaure masa baki, sai ya gane kurensa. Ya ce ya ji.

Saura tsoho. An kai masa labari, ya saurara, ya ci gaba da ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

Ranar tafiya duk tsibiri ya sauko tasha, kamar yadda muke yi wa kowane malami. Ɗalibai suka zo da zaren takarda kala-kala, mai tafiya ya riƙe bakin kowanne daga saman jirgi, na ƙasa su riƙe ɗaya bakin, jirgi ya ja har su tsinke. Genta da kansa ya loda kayan, ya miƙa wa Shunpei hannu ba tare da ya dube shi ba. Yara suna kuka suna rera waƙar makaranta.

Chizuru ta karɓi nata jan zaren. Tana shirin warware shi sai ga mahaifinta ya ratso mutane da takalmin robarsa, ƙarnin kifi na binsa. Ya karɓe zaren daga hannunta ya cusa a aljihu.

Tsoho ya ɗaga kai ya dubi saman jirgi.

"Wannan na masu tafiya ne," ya ce. "Ba a riƙe wa ɗan gida zare. Kai, ranar Asabar ka taho mini da maganin ciwon gwiwa, na nan ba ya yi mini."

Hawaye suka zubo wa Shunpei. Da ƙyar ya iya cewa, "To, Baba."

"To," in ji tsoho, ya juya ya kama hanyar gida tun jirgi bai tashi ba.

Da kaka aka ɗaura auren a ɗakin bauta na kan tudu. Yaran Ɗakin Safe ne suka dunƙula shinkafar biki, wasu dunƙulen sun karkace, wasu gishiri ya yi musu yawa, aka cinye tas. Babbar yayar amarya ta hayo teku ta zo. Da aka ce uban amarya ya yi magana, ya miƙe ya ce ya sa musu albarka, gidansu kada ya rasa wuta da safe, kada kuma wani yaro ya wuce ƙofarsu da yunwa. Muka amsa gaba ɗaya.

Har yau Shunpei yana hayewa aiki ya dawo ranar Asabar. Jan zaren nan yana kan kanta a ɗakin tsoho, kusa da hoton matarsa, ba a taɓa warware shi ba.