Kibiya daga Oslo zuwa Helsinki

Majajjawar ta fara gunji, ƙasan tashar Oslo ya ɗauki rawa, Injiniya Kubura Ɗanladi kuma ta kasa rufe baki don murna. Majajjawa dai dogon bututu ne na maganaɗisu da ke wurga ƙaramin jirgi can sama inda iska ta yi siriri, wani bututun ya cafe shi a Helsinki. Jirgin ta sa masa suna Kibiya. Ba shi da fiffike, ba ya rage gudu, in ya rage ma faɗowa zai yi. Tafiyar kusan kilomita ɗari takwas da jirage ke ci a awa ɗaya da rabi, yau za ta koma minti huɗu.

Don mutum ɗaya ta yi wannan wahala, ga shi nan kusa da ita a cikin Kibiya yana gyara hula. Malam Ɗanladi mahaifinta ne, duk wata tana kai shi asibitin zuciya a Helsinki, tafiyar kuma tana galabaitar da shi. Kubura 'yar fari ce, tsohon kuwa ya bar Zariya amma bai bar alkunya a can ba. Ko sunanta ba ya faɗa, a gida maganarsu ba ta wuce gaisuwa. Sai a jirgi, in zama ya yi nisa, yakan juya wa taga fuska ya yi ta ba gilashi labarin mahaifiyarta, wadda ta rasu Kubura na goye. A tafiyar ƙarshe ya kawo daidai ranar haihuwarta, sai jirgi ya sauka. Ta ƙagu ta ji sauran.

Fitila ta yi kore. Kujera ta danne bayansu, gari ya shige ƙasa, sama ta yi baƙi alhali rana na tsaka. Kubura ta yi dariya har da hawaye. Ta yi ta nuna masa tsaunuka da tekun Baltik, tana zuba bayani kamar rediyo. Tsohon da ba ya nuna mamaki sai ga shi yana salati yana murmushi, har ya ce lallai ɗan Adam ya iya rigima.

Sannan ya yi abin da ya saba. Ya gyara zama, ya nemi carbinsa, ya yi gyaran murya, ya fuskanci taga. Kubura ta kasa kunne.

"Ranar nan da nake faɗa," in ji shi, "da aka miƙa mata jaririyar, sai ta dube ni ta ce..."

Ƙofa ta buɗe. Tafi ya cika tashar Helsinki, 'yan jarida suka yo caa. Malam Ɗanladi ya mai da carbi aljihu, fuskarsa ta koma irin ta gida.

"Baba, me ta ce?"

Ya dubi taron, ya sunkuyar da kai. "Har mun iso? To, madalla. Allah ya yi albarka."

A babban allon tasha ana sanar da cewa daga yau an sallami tsofaffin jirage a wannan hanya. Kubura ta tsaya tana karɓar hannun masu taya murna, ranta a jagule. Ta fi kowa sanin cewa komawa ma minti huɗu ce, kuma ita da kanta ta ƙera Kibiya yadda ba za ta taɓa tafiya a hankali ba.