Curin Farko

Ku rage fitilar nan, ku matso. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Kun san Lantana ta bakin kasuwa, mai sayar da dashen zogale da na'ana'a a cikin fasassun tukwane? Ba haka ta fara ba. A da, duk garin nan babu maginiya kamarta. Ruwan randarta sanyi ƙalau, tulunta ba ya yoyo, ga tsakiyoyin yumɓu da take gasawa ta jera a zare, 'yan mata na rububinsu. Tun rasuwar mijinta, da hannun nan nata take ciyar da 'ya'yanta.

Maginan tukwane suna da ƙa'ida. Ba a zuwa ramin yumɓu mutum ɗaya, kuma curin farko da aka haƙo ba a ɗaukarsa. A bakin rami ake ajiye shi, a ce na masu wuri ne.

Ranar, abokiyar tafiyarta na kwance da zazzaɓi, ga randunan biki ana jira. Lantana ta saɓi fartanya ta tafi ita kaɗai. Rana tsaka, lokacin da ko akuya ta nemi inuwa.

Saran farko, sai ga wani yumɓu fari sol, mai laushi kamar man shanu. Ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ranta ya biya. Ta ce a zuci, ai na biyu ma curi ne. Ta jefa shi cikin kwando.

"Sannu da aiki, 'yar nan."

Wata tsohuwa ce tsugune a bakin ramin. Muryar ce ta fara damun Lantana. Tana amsa kuwwa, kamar mai magana da kansa cikin randa.

"Yauwa, Iya. Sannu da rana."

Tsohuwar ta gangaro. Ƙasan ramin da danshi, ko kaza ta taka sai ta bar sawu. Lantana ta dubi inda ta biyo. Sumul. Ta dubi ƙafafun. Dugadugan ne a gaba.

"Ina nawa?"

Lantana ta ɗauko farin curin, ta miƙa mata.

"Ya shiga kwando, ya zama naki. Musanya za mu yi."

Ta kamo hannun Lantana na dama. Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta kara kunne, yadda ake gwada tukunya a kasuwa.

"Ɗanye ne," in ji ta. "Ba a gasa ba. Zai ginu."

Ta fara murzawa. Babu zafi ko kaɗan, kuma shi ne abin tsoron. Lantana na kallo wuyan hannunta yana lotsawa, yatsun suna ƙara tsawo. Addu'a ta ƙi fitowa. Da hagu ta fizge abin wuyanta na gasassun tsakiyoyi ta watsar. Tsakiyoyin suka tarwatse cikin laka.

Tsohuwar ta sake ta. Ta duƙa tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, tana shinshinawa.

"Wa ya ƙona mini 'ya'ya?"

Lantana ta haye ramin ta ranta a na kare. Ko takalmi ba ta ɗauka ba.

Kafin magariba hannun ya bushe ya koma daidai, sai dai shatin yatsu a wuyansa. Ta yi ta hamdala, ta ɗauka ta tsira. Washegari ta zauna gini. Ta tsoma hannu a ruwa za ta shafe bakin randa, sai yatsun suka yi laushi, suka lanƙwashe, suka fara mannewa da jikin randar. Da kyar ta ɓamɓare su, ta shanya hannun a rana tana kuka.

Ba a gini sai da ruwa. Ba ta ƙara gina ko kasko ba. Da hagu take ba shukokinta ruwa, kuma da hadari ya haɗo za ku ga ta naɗe na daman a leda ta shige ɗaki. Ni wallahi tausayi take ba ni.

Hanyar ramin nan, ko da rana ce, kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai. Tsohuwar ba ta gama ginin da ta fara ba.