Wasiƙar da Aka Manna

Fuskar 'yar gwaggonta ce ta fara yi mata murmushi daga cikin kwamfutar hannun.

Bahaguwa ta tsaya cak, jakarta na rataye a kafaɗa. Tambayoyin jarrabawa ta zo bugawa, ba wani abu ba. Duk Alhamis in ta tashi daga makarantar da take koyarwa, shagon Mai Kati take biyowa, ta ɗauki kwamfutarsa da ke jingine jikin injin buga takardu, ta danne yatsa a kan tambayoyinta har su yi shuɗi, ta kwafa, ta manna a shafin da ya ware mata. Shi ya koya mata, ta nan ma abin nasu ya faro, yau shekara biyu. Jibi Asabar iyayensa za su zo wurin nata neman aurenta.

To yau ba shafinta ba ne a buɗe. Kati ne mai ruwan hoda, an zagaye shi da furanni. A dama hoton Mai Kati, a hagu 'yar gwaggon tata, 'Yar Kwalisa, wadda Bahaguwa da bakinta ta roƙa mata aikin karɓar baƙi a shagon nan. A ƙasansu kuma rubutu ne dogo, ƙanana ƙanana.

"Kwalisata... Na daɗe ina neman bakin da zan faɗa miki wannan. In kin shigo shagon nan sai in manta abin da nake yi. In kin fita sai in ji kamar an kashe fitila..."

Nan ta tsaya. Idonta ya ƙi ci gaba.

Mai Kati? Mutumin da in ya yi ƙoƙari ƙwarai sai ya turo mata "Kin isa gida lafiya?" Shekara biyu tana lallaɓa wannan 'yar tambayar kamar wasiƙa, tana gaya wa kanta haka Allah ya yi shi, ba mai magana ba ne. Ashe yana da baki. Ashe ita ce dai ba a buɗe wa ba.

Shi ba ya nan, ya tafi kai aiki. 'Yar Kwalisa ce zaune a teburin ƙofa tana gyara farcenta, ta ɗago ido a hankali.

"Yaya, lafiya? Wayyo... kin gani ko? Wallahi na ce masa ya daina."

Bahaguwa ta juya kan kwamfutar. Ta danna wurin bugawa, injin ya yi 'yar ƙara ya turo katin da ɗuminsa. Ta ninke shi huɗu, ta cusa a jaka, ta fita. Tambayoyin jarrabawa kuwa ko tuna su ba ta yi ba.

A mota sau uku tana zaro katin. A ɗaki sau huɗu. Duk ta fara sai ta maƙale a wurin fitilar nan, hawaye ya rufe sauran. Sai ta koma kan hoton, tana ƙare wa 'Yar Kwalisa kallo kamar yau ta fara ganinta: hancin nan, wushiryar nan, hannun nan sumul da bai san aiki ba. Ta dubi nata hannun, gefensa fari fat da alli, fatar duk ta bushe. Kishi mugun abu ne, wallahi. Har ta kama kanta tana lissafin sau nawa ya taɓa yi wa yarinyar dariya a gabanta, da ranar da ya ce ta tafi gida da wuri saboda ciwon kai. Ita sau nawa ta yi ciwon kai bai sani ba?

Wayarta ta yi haske. "Kin isa gida lafiya? Ban ga tambayoyinki ba."

Ta kife wayar. Ya kira sau shida, ta bar ta tana ta kuka a kan katifa.

Umma ce ta tsinci katin da safe ƙarƙashin matashi, kuma Umma ba ta iya riƙe abu ita kaɗai. Kafin azahar magana ta kai kunnen Gwaggo. Tun rasuwar Baba, Gwaggo ce ke yanke magana a gidan, kuma tun farko ba ta son Mai Kati. A ganinta yarinya mai takardar koyarwa ta wuce mai buga katin biki, mutumin da aikinsa kawai ya ɗebo kalaman wasu ya manna wa wasu. Yanzu kuma ga shi ya haɗa da 'yarta. Ta iso da la'asar, 'Yar Kwalisa na biye da ita kai a sunkuye, ta sa aka kira shi ya zo yanzu yanzu.

Ya zo da tawada a gaban riga. Ya durƙusa bakin ƙofar falo ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, idonsa na neman na Bahaguwa. Ita ta zauna can ƙarshen kujera ta kafa wa labule ido.

Gwaggo ta miƙa masa katin da yatsu biyu.

"Kai ka rubuta wannan?"

Ya karɓa. Bahaguwa ta saci kallonsa, ta ga yadda fuskarsa ta sauya.

"Rubutun... ni na yi, Gwaggo. Amma..."

"Ya isa."

Wani abu ya tsinke a ƙirjin Bahaguwa. Ashe duk kukan nan da ta sha, can ƙasan ranta jira take ya ce ba shi ba ne.

Gwaggo ta fizge katin, ta ce ba amma ba kama. Ta ce a aika wa iyayensa kada su wahalar da kansu gobe. Ta ce kuma tunda ba shi da kunya, za ta karanta abin da ya rubuta a gaban kowa, ya ji da kunnensa. Ta lalubo tabarau a jaka ta ɗora a karan hanci, ta gyara murya. 'Yar Kwalisa ta ja majina a hankali, irin ta wadda aka zalunta.

Bahaguwa ta sunkuyar da kai. Haka ta zauna ana karanta mata kalaman da ta yi shekara biyu tana jira, da sunan wata a kansu. Gwaggo na jan kowace kalma da gatse, ta wuce fitilar, ta shiga inda Bahaguwa ba ta taɓa kaiwa ba.

"Ba ni da bakin mutane, kin sani. Amma na san ƙarar takalminki tun daga kan kwana. Na san in yara sun ɓata miki rai, don ba kya ajiye jaka sai ki yi ta magana a tsaye. Kullum in kin tafi sai na tarar da alli a fuskar kwamfutata, daidai inda gefen hannunki na hagu ya goga, kuma ba na sharewa sai... sai..."

Muryar Gwaggo ta yi ƙasa, ta ɗaga tabarau ta sake sauke shi.



Umma ce ta fara motsi. Ta dubi hannun 'Yar Kwalisa, farce zaƙo zaƙo ja wur. Ta juyo ta dubi na 'yarta da ke kan cinya. Sannan ta tambayi Gwaggo, cikin muryarta ta kullum kamar mai tambayar ina aka ajiye ludayi:

"Yaya, yaushe 'yar taki ta fara koyarwa?"

Kunya ta kama Bahaguwa. Ita fa malama ce. Sau nawa ta kama yaro ya kwafi amsar maƙwabcinsa, ya kwaso har da kuskuren, wani ma har da sunan? Mai kwafa ba ya karantawa, ita ta fi kowa sani. Yarinyar nan ta danne rubutu ta kwashe shi gaba ɗaya, ta canza sunan sama, ta manna hotonta, tsakiyar kuwa ko leƙawa ba ta yi ba. Ita ma da kishi ya rufe wa ido ba ta leƙa ba.

'Yar Kwalisa ta fara cewa wasa take yi, ta koma cewa gwada sabon zane take, daga nan ta fashe da kuka na gaske. Ta ce ita ce ke wuni da shi a shago tun safe har yamma, ita ke share masa tebur, amma ko sau ɗaya bai taɓa lura ta canza ɗankwali ba. Ta ce ta ga rubutun ne a ɓoye cikin ajiyarsa ta kwamfuta, ta ji kamar ta mutu. Gwaggo ta miƙe, ta ajiye katin a hannun kujera, ta tasa 'yarta gaba. Sai da ta kai ƙofa ta tsaya, ba tare da ta waiwayo ba ta ce wa Umma goben tana nan yadda aka shirya. Umma ta bi su da rakiya, rakiyar da ta fi ta kullum tsawo.

Suka rage su biyu, shi a ƙofa, ita a ƙarshen kujera.

"Malamata..." in ji shi.

"Tun yaushe ka rubuta?"

"Wata takwas."

"Wata takwas!" Ta juyo gaba ɗaya. "Wata takwas kana turo min kin isa gida lafiya, wannan na kwance a kwamfuta?"

Ya sosa ƙeya. Da ƙyar maganar ta fito, yana yi yana tsayawa. Ya ce shi wuni yake yana manna wa mutane kalamai. Ango ya zo ya ce a sa masa mai daɗi, sai ya buɗe ajiya ya kwaso wanda ya sa wa ango goma kafin shi, ya canza suna. Har ya kai in ya ga kalmar so sai ya ji kamar kayan haya ce.

"Ke na ce ba zan manna miki ba. Na ce sai wanda ya fito daga nan." Ya taɓa ƙirjinsa, daidai wurin tawadar. "In na rubuta layi sai in ga kamar na taɓa ganinsa a katin wani, sai in goge. Gobe na so in ba ki."

Ta so ta riƙe fushin, don bai gama sauka ba. Ta ɗauki katin ta karanta tun daga sama har ƙasa, a karon farko, ba tare da ta tsaya ba. Layin da Gwaggo ta kasa ƙarasawa cewa yake ba ya share allin sai ranar Laraba, don ya san washegari za a kawo sabo. Ta danne dariya, hawaye ya riga ta fitowa.

Sai kuma idonta ya koma kan sunan da ke sama, kishin ya sake motsawa, ƙarami amma da ransa.

Ta yaga katin biyu, ta sake yagawa.

Mai Kati ya zaro ido.

"Ba na so," in ji ta. "Wata ta riga ni karantawa. Gwaggo ma ta riga ni. Ka goge ta a kwamfutar, ka rubuta min sabuwa, da biro, a takarda."

"Masoyiya... wannan fa wata takwas ta ci."

"Na ji."

"In wannan ma ta ci wata takwas fa?"

Ta share ido da gefen hannun hagu, alli ya bar mata farin layi a kumatu. Ta ga ya kafe wurin da ido, bakinsa na motsi kamar mai haddace wani abu.

"Ta ci," ta ce. "Ai lokacin ina gidanka. Duk layin da ka rubuta, ni zan fara gani, kuma ba ka isa ka goge ba."