Yadin Da Ya Fita Da Takarda

Ranar Litinin ce da hantsi, Sufeto bai ko gama rataye hularsa ba sai ga Saje ta faɗo ofis da takarda a hannu.

"Yallaɓai, an yi sata a kamfanin sarin yadi na bayan tashar mota. Bandir sittin. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a haura katanga ba."

"To ta ina suka fita?"

"Ta ƙofa. Da rana tsaka, a motar kamfanin, da takardarsu."

Sufeto ya mayar da hular kansa. Shi fa mutum ne da in aka ce masa ɓarawo ya ɓalle taga sai ya yi hamma, amma a ce kaya sun fita da takarda, nan za ka ga idonsa ya buɗe kamar na wanda aka yi wa albishir. A caji ofis Sai-Me suke kiransa a bayan idonsa, domin in ya ritsa ka da tambaya, duk abin da ka faɗa sai ya ce, "Daga nan sai me?" har ya kai ka inda ba ka yi niyyar zuwa ba.

Suna shiga harabar kamfanin suka tarar da ma'aikata sun yi cirko-cirko. A kan benci wani dattijo ne zaune, masu gadi biyu sun sa shi a tsakiya. Baba Mai Sito ke nan, shekararsa talatin yana riƙe da ɗakin ajiyar kayan gidan.

Mai kamfanin, wadda kowa ke kira Mama, ta taso za ta yi magana, ƙanenta Manaja ya riga ta. Ƙaton mutum ne mai ƙaton agogo.

"Yallaɓai, ba sai kun wahala ba. Ga ɓarawon nan mun kama muku. Da lambarsa ta sirri aka shigar da odar wata makaranta ranar Asabar, shi kuma ya fitar da kayan. Yau Yaya ta aika a duba makarantar, aka tarar fili ne da awaki."

"Haka ne, ranki ya daɗe?"

Mama ta kasa kallon bencin. "Lambarsa ce. Na riga na sa hannu a takardar ƙara."

Sufeto ya dubi tsohon. In dai ba a sami wani abu daban ba, yau a bayan kanta zai kwana, gobe kotu, kuma mai irin shekarunsa in ya shiga gidan yari ba lallai ya fito da ƙafarsa ba.

"A bar shi a nan tukuna," in ji shi. "Wa zai nuna mini yadda ake shigar da oda?"

Wata budurwa mai tabarau ta matso, idanunta sun yi ja. Autar Mama ce, ita ta haɗa musu tsarin kwamfutar da ke tafiyar da aikin gidan. Ta kai su wani ɗan ɗaki kusa da ofishin Manaja. Ga kwamfuta a kan tebur, amma allonta baƙi ƙirin.

"Kawu ne ya zare wayar wutar tun ƙarfe takwas," in ji Auta. "Wai da ita aka haɗa baki. Ya ce wa Mama yau za a zo a kwashe ta."

"Kafin ita yaya ake yi?"

Nan fa Auta ta manta da kukanta. "Yallaɓai, da takardar oda ɗaya sai ta bi tebur biyar. A rubuta, a kai wa Kawu ya buga hatimi, a kai sito, a dawo da ita, a nemo direba. Kwana uku tela na jiran yadinsa, wani ya gaji ya tafi wani wuri. Yanzu minti goma. Kuɗin man da muke ƙonawa wajen kai-kawo ma ya ragu da rabi, ba a kuma kori kowa ba. Masu ɗaukar takarda sun koma wajen tarbar baƙi."

"Kowa ya iya aiki da ita?"

"Yini guda na yi ina koya musu, har sai da suka haddace."

"Dukansu?"

"Duk wanda ya zo."

Sufeto ya sa Saje ta tsaya a bakin ɗakin kada kowa ya taɓa ko da allura, shi kuma ya sa aka kawo masa Baba cikin sito.

Sito ne mai tsawo, bandir-bandir a jere har rufi, ƙamshin sabon yadi ya cika ko'ina. Kusa da ƙofa akwai ɗan allon da ake latsawa, da ƙaramar na'urar buga takarda.

"Baba, lambar nan taka, wa ya san ta?"

"Ba kowa, ɗana. A kaina take."

"Faɗa mini ita."

Idon Baba ya saci kallon bayan ƙofa. Sufeto ya tura ƙofar da ƙafa, sai ga lambobi huɗu an rubuta da alli, manya-manya, ko daga bakin titi ka karanta su.

"A kanka take, ko a kan bango?"

"Tsufa ne, ɗana," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Na ji kunyar yarinyar nan, kullum ina tambayarta. Kada ka gaya mata."

"Ranar Asabar ka bar sito a buɗe?"

"Na je cin abinci. Ina dawowa na tarar takarda ta fito. In takarda ta fito, ai aikina in ba da kaya."

"To faɗa mini yadda aikin yake, tun daga farko."

Baba ya gyara tsayuwa kamar ɗan makaranta. "A shigar da oda. Na'ura ta aika wa mai kaya lamba a wayarsa, a sa lambar, ta tabbatar mutum ne. Takarda ta fito a nan. Saƙo ya tafi wa direba."

"Daga nan sai me?"

"Direba ya kai, ya latsa cewa ya kai."

"Daga nan sai me?"

"Washegarin aiki, ƙarfe goma, na'ura ta kira mai kaya a waya da muryar Mama, ta yi masa godiya. Ranar da aka ɗauki muryar sau tara tana maimaitawa, dariya na hana ta."

Nan idon Sufeto ya buɗe. Ya dubi agogonsa. Sha ɗaya saura.

Direba suka samu a gindin motarsa yana goge gilashin da ba shi da datti. Siriri ne, Ba-Birki ake ce masa, kuma ba don gudun mota kaɗai ba, har da baki.

"Ina ka kai kayan?"

"Makarantar mana, yallaɓai. Babbar makaranta, fenti shuɗi, har shugabar ta ba ni ruwan sanyi."

"Awakin ne suka taya ka saukewa?" in ji Saje daga bakin ƙofar ɗakin kwamfuta.

Ma'aikata suka ƙyalƙyale da dariya. Tsumman goge gilashin ya faɗi daga hannun Ba-Birki.

"Gaskiya ban kai can ba. Ina hanya wasu suka tsayar da ni da wata mota, suka ce hanyar makarantar ta lalace, a juye musu a nan. Takardata da sunan da suka faɗa sun yi daidai. Suka ba ni na goro, na latsa na kai, na tafi gida da wuri. Iyakar laifina ke nan, ko a gaban alƙali."

"Bayan ka latsa, daga nan sai me?"

"Sai kiran godiyar Mama. Shi ya sa ma ban damu ba. Na ce in akwai matsala, mai kaya zai faɗa in an kira shi."

Saura Manaja. Ofishinsa ya fi na kowa girma. Teburin fes, ba ko takarda ɗaya, sai hatimai huɗu a jere da kushin tawada wanda ya bushe har ya tsage. A gefe ga wayar wutar kwamfutar a naɗe, kusa da babbar wayarsa ta hannu.

"Ranar Asabar da rana kana ina?"

"A nan. Ban leƙa sito ba, me zai kai ni?"

"Ka san yadda tsarin nan yake aiki?"

"Farin sani. Wani abin wahala ne? A shigar da oda, a sa lambar da ta zo a waya, takarda ta fito, direba ya kai."

"Daga nan sai me?"

"Shi ke nan. Kaya sun tafi."

"Daga nan sai me?"

Manaja ya yi tsaki. "Yallaɓai, me ya rage? Shi ya sa nake gaya wa Yaya, abin da ba shi da ido ba ya tsare dukiya. Da hatimina ake bi, da wannan ba ta faru ba."

"Ka je koyon da Auta ta yi?"

"Ni? Yarinyar da na goya a kafaɗa ita za ta tsayar da ni gaban allo?"

Sufeto ya yi ƙoƙari ya ɓoye murmushinsa, amma gashin bakinsa sai da ya motsa. Ya miƙa hannu ya ɗauki wayar wutar.

"Ara mini wannan."

Ya tara su duka a ɗan ɗakin kwamfuta: Mama a kan kujera, Baba a jingine da bango, Ba-Birki, Manaja, sauran ma'aikata kuma sun cika taga. Saje ta tsaya a ƙofa ta harɗe hannu.

Ya sunkuya wajen Auta. "In aka kunna ta, aikin da ya wuce lokacinsa fa?"

"Daga inda ta tsaya za ta ɗora. Ba ta tsallake komai."

"Kunna."

"Wannan ɓata lokaci ne," in ji Manaja. "Lambar waya kawai za ku gani, kuma irin mutanen nan ai ba da sunansu suke sayen layi ba."

"Ka san su ke nan," in ji Saje.

Allon ya kawo haske. Rubutu ya fara gudu, layi na bin layi, Auta na bin sa da yatsa. Sufeto ya san in wayar da aka yi odar da ita a kashe take, ko an jefa ta a kwata, to ba shi da abin da zai hana tsohon nan kwana a bayan kanta.

"Ta fara kira," in ji Auta. "Na farko wani tela ne. Ya ɗauka. Na biyu, shagon labule." Ta ɗago. "Na uku, makarantar."

Daƙiƙa ɗaya. Biyu.

Sai wata 'yar ƙara siririya ta tashi, irin ta ƙananan wayoyin nan masu araha. Kowa ya shiga taɓa aljihunsa. Mutum ɗaya ne bai motsa ba, ga babbar wayarsa a hannu shiru, ƙarar kuwa daga aljihun cikin rigarsa take fitowa.

"Ana kiran ka, ranka ya daɗe," in ji Sufeto. "Ko in ɗauka maka?"

Saje ta riga ta zaro ta. Ta latsa, ta buɗe murya. Sai ga muryar Mama ta cika ɗakin, da fara'arta, har ana jin ragowar dariya a ciki: "Mun gode da ka zaɓe mu. Muna fata kayanka sun iso lafiya. Gidan nan gidanka ne."

Mama ta ainihi kuwa tana zaune, ta dafe ƙirji, tana kallon ƙanenta.

"Duk wanda ya zauna koyon nan ya san za a kira," in ji Sufeto. "Baba ya sani, direba ya sani. Ba mai sa layin da ke jikinsa sai wanda bai sani ba. Me ya hana ka jefar da ita?"

Manaja ya zauna a kan wani kwali. "Mai sayen kayan zai kira ni yau," in ji shi a hankali. "Yadin na garejin wani abokina, ko bandir ɗaya ba a taɓa ba."

"Me na rage ka da shi?" in ji Mama. Muryarta ba ta tashi ba.

"Yaya, shekara ashirin ba abin da ke motsi a gidan nan sai da hatimina. Kowa sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Wata huɗu ke nan ina zaune, ko mai shara ba ya leƙo ni. Na ce in kaya suka ɓace ta hanyarta, za ki fitar da ita, a koma yadda ake."

"Shi kuma Baba?"

Manaja ya sunkuyar da kai. "Lambarsa ce a bango."

"Ran da aka kawo ka gidan nan," in ji Baba, "ko awon yadi ba ka iya ba. Ni na kama hannunka."

Saje ta sa masa ankwa. Aka ratsa da shi ta tsakiyar ma'aikata, har ƙofar motar 'yan sanda ta rufe. Ba-Birki ma aka ce ya biyo baya ya ba da bayani, ya tafi yana rantsuwar ba zai ƙara shan ruwan sanyin kowa ba.

Mama ta karɓi takardar ƙarar daga hannun Sufeto ta yayyaga. Ta taka har gaban tsohon, ta rusuna.

"Baba, ban san ta inda zan fara ba."

Daga can cikin sito na'urar buga takarda ta fara ƙara, tana fitar da odar da ta taru tun safe, ɗaya na bin ɗaya har suna zuba a ƙasa. Baba ya goge idonsa da bakin hannun riga, ya leƙa.

"Tashi, 'yata," in ji shi. "Ki bari sai an tashi aiki. Yanzu mutane na jiran kayansu."